Masu Haƙƙi a Kala: Daga Gonakin Alkama Zuwa Kantunan Ingila

A manyan kantunan ƙasar Ingila, irin waɗanda mai saye ke shiga ya zaga da kansa, ya ɗebi abin da yake so daga kan kanta, sa'an nan ya biya a bakin ƙofa, akwai wata al'ada da ta zaunu har ta zama tamkar doka, ita ce idan rana ta yi sanyi, lokacin rufewa ya gabato, sai wani ma'aikaci ya fito da 'yar na'ura a hannunsa, ya bi burodi da nama da kifi da madara da ganyaye, duk abin da wa'adin sayar da shi zai cika a daren nan, yana manna masa wata 'yar takarda ruwan ɗorawa mai ɗauke da sabon farashi. Da farko a rage kaɗan, in an jima a mai da shi rabi, can dab da rufe ƙofa kuma a karya shi ƙwarai. Waɗanda suka san lokacin sukan zo su tsaya nesa kaɗan, kowa ya yi kamar wani abu dabam yake dubawa, alhali kuwa idonsa na kan hannun ma'aikacin nan. Da ya matsa gaba, sai hannuwa su sauka a kan abin da ya bari.

A shekarar 2023, sa'ad da farashin abinci a Birtaniya ya ƙaru da fiye da kashi 19 cikin 100 a shekara guda, abin da ba a ga irinsa ba cikin shekara 45, kuma ƙungiyar Trussell Trust mai kula da rumbunan abincin agaji ta raba ƙunshin abinci kusan miliyan 3 cikin wata goma sha biyu, sai masu wannan tsayuwa ta maraice suka yawaita, gardama kuma ta yi zafi a tsakanin mutane. Wasu suka ce mai albashi mai kauri, wanda ba zai girgiza ba in ya biya cikakken kuɗi, in ya sa hannu a abincin rangwame to ya cire loma ne daga bakin wanda ba shi da wata. Wasu suka ce a'a, kasuwa ce, wanda ya riga shi ne ya samu, kuma gara a ci da a zubar. Ni dai a nawa ganin ba za a warware wannan mas'ala a tsaye a cikin kanti ba, sai an koma gona, domin tun shekaru dubbai kafin a gina kanti na farko 'yan Adam sun riga sun yi wannan gardama a kan zangarniyar da ta faɗi a bayan mai girbi, sun kafa mata ƙa'idoji, har sun ja juna gaban alƙali a kanta.

Wanda ya tashi a karkara a ƙasar Hausa ya ga kala da idonsa. In kaka ta yi, an yanke gero da dawa an kai rumbu, an cire gyaɗa an kwashe, sai tsofaffin mata da yara da almajirai su shiga gona da ƙorai da 'yan buhuna, suna bin kunyoyi a sunkuye, wannan ya tsinci zangarniyar da ta ɓuya a ƙarƙashin kara, wancan ya tona ƙasa da ɗan itace ya fito da gyaɗar da ta tsinke ta zauna a ciki. Mai gona ba ya korarsu, magidancin da rumbunsa ke cike kuma ba a ganinsa a cikinsu, ba tare da wani sarki ya yi shela ba. Bayansu ne shanu ke shigowa su ci abin da ya rage. Kowa da lokacinsa, kowa kuma ya san lokacin nan.

Tsofaffin dokokin da aka rubuta game da wannan al'ada, waɗanda Turawan Ingila suka riƙa kafa hujja da su har ƙarni na 18, suna cikin Attaura, inda aka umurci mai gona da kada ya girbe gonarsa har gefe, kada ya koma ya tsince abin da ya zube, in kuma ya manta dami a gona kada ya juya ya ɗauko shi, ya bar su duka ga matalauci da baƙo da maraya da gwauruwa. Ƙissar Rut, wadda mijinta ya mutu ta bi surukarta zuwa Baitalami, ta ciyar da ita da kalan sha'ir a gonar Bo'aza, tana kan wannan doka ne. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne sharhin da malaman Yahudu suka yi wa hukuncin a littafinsu na Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, domin sun bi shi reshe-reshe kamar yadda fuƙaha'u ke bin mas'alar gado. Sun ce gefen gonar da za a bari kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60. Zangarniya ɗaya ko biyu in sun faɗi daga hannun mai girbi, kala ne. In sun kai uku a tare, na mai gona ne. Ba a shiga ɗiba da lauje ko fartanya, don kada mabukata su ji wa juna ciwo a cikin turmutsutsu. An raba yini gida uku, safe da tsakar rana da la'asar, aka kuma bayyana hikimar haka da cewa mai shayarwa da yaro da tsoho ba lokaci ɗaya suke iya fitowa ba. Wanda ya mallaki zuz 200, wato kuɗin azurfa na zamanin, ba shi da rabo. Mai gona kuwa ba shi da ikon ya bar wani miskini ya hana wani. In ya yi haka an lissafa shi cikin masu ƙwace wa matalauta. Sa'an nan suka kawo wani hukunci wanda ya kamata masu gardamar yau su sani: da zarar tsofaffin nan masu tafiya a hankali, waɗanda su ne na ƙarshen masu kala, sun bi gona sun fita, to abin da ya saura ya halatta ga kowa, mawadaci da matalauci.

Mu kuma Musulmi muna da namu asali, wanda ba aro ba ne. A aya ta 141 ta Suratul An'ami an yi umurni da a ba da haƙƙin amfanin gona a ranar girbinsa, mufassirai kuma sun yi saɓani: wasu suka ce zakka ake nufi, wadda ba ta wajaba sai hatsi ya kai nisabin wusƙi 5, a fitar da ushuri in ruwan sama ya shayar, rabin ushuri in da wahalar ban-ruwa aka noma, wasu kuma, irin su Mujahid da Aɗa'u, suka ce wani haƙƙi ne dabam ban da zakka, wanda ake miƙa wa miskinan da suka halarci girbi. A Suratul Ƙalami ga labarin masu gonar nan da suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe ta a asirce don kada wani miskini ya shigo musu, suka wayi gari ta ƙone ƙurmus. Malaman tafsiri sun ambata cewa gonar tana ƙasar Yaman, kuma mahaifinsu, mutumin kirki, ya kasance yana bar wa miskinai abin da lauje ya tsallake da abin da ya zube. Mai karatu ya lura da wanda aka ɗora wa nauyi a duk waɗannan nassoshi, kuma ya lura da wanda azaba ta sauka a kansa: mai gona ne. Babu inda aka tsai da masu kala ana tuhumarsu, ana sa su su tuhumi juna.

A Ingila al'amarin ya ɗauki wata fuska tun da wuri. Takardun kotunan ƙauyuka na ƙarni na 13 da na 14, waɗanda aka adana har yau, cike suke da ƙa'idojin kaka, kuma wadda ta fi yawan maimaituwa ita ce cewa duk wanda zai iya samun kwabo guda a yini tare da abinci, ko kwabo biyu ba abinci, a aikin girbi, to an hana shi kala. Sai yara ƙanana da tsofaffi da marasa lafiya. Wanda ya ji wannan zai zaci tausayin raunana ne ya kawo ta, kuma lalle akwai ɗan rabon tausayi a ciki, amma babban dalilin shi ne masu ƙasa suna bukatar hannuwa a cikin 'yan makonnin nan da alkama ta nuna, kafin ruwa ya lalata ta, suna kuma tsoron kada mace mai ƙarfi ta ga kala ya fi mata ƙwadago riba. Da annobar nan ta 1348 da 1349 ta share wani babban kaso na jama'ar ƙasar, ma'aikata suka yi ƙaranci, hukuma ta fitar da dokar ƙayyade lada da tilasta aiki a 1349 da 1351, sai wannan tsoro ya daɗa ƙarfi. A Faransa ma haka: dokar Sarki Henri na Biyu ta watan Nuwamba 1554 ta keɓe kala ga tsofaffi da naƙasassu da ƙananan yara da sauran waɗanda ba su da ƙarfin girbi, kuma sai bayan an kwashe dammuna. Ke nan tun ran da aka fara tantance wanda ya cancanci kala a ƙasashen Turai, maslahar mai dukiya tana zaune a cikin ma'aunin, ko da yake da sunan miskini aka yi awon.

Zuwa ƙarni na 18 wannan tantancewa ta yi sako-sako, kala ya zama aikin mata da 'ya'yan 'yan ƙwadago baki ɗaya, musamman a gabashi da kudancin ƙasar inda ake noman alkama da yawa. Ba ƙaramin abu ba ne a gare su. Masanin tarihi Peter King, wanda ya bi diddigin lissafin gidajen talakawa na wancan zamani, ya nuna cewa abin da mace da yaranta ke tarawa cikin 'yan makonni yana iya kai wa kashi ɗaya cikin takwas na abin da gidan ke samu a shekara, ga gwauruwa kuwa ya fi haka nauyi. Mace takan fita da jaka ɗaure a ƙugu don gajerun zangarnu da suka karye, masu dogon kara kuma ta tara su a hannun hagu har su cika tafi, ta murɗa kara ta ɗaure, ta ba yaro ya kai inda suke tarawa. Tushiyar alkama mai kaifi tana yankar ƙafa da yatsu, baya yana ƙagewa, da yamma ta ƙunshe duka a cikin zane ta ɗora a ka. A gida a sussuke, a sheƙe, a kai wa mai niƙa, garin nan kuma shi ne burodin da zai raka su cikin hunturu.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan duka shi ne tsarin da mutanen ƙauyuka suka yi wa kansu. A wurare da dama, kamar lardin Essex, in an kwashe gona akan bar dami guda a tsaye a tsakiya, alamar cewa mai gona bai gama ba. Ran da aka ɗauke shi, gona ta buɗe. Akwai kuma ƙararrawar kala, wadda ake bugawa a majami'ar ƙauye da safe, wajen ƙarfe takwas ko tara, a sake bugawa da yamma, ba wadda za ta sa ƙafa a gona kafin ta farko, ba wadda za ta zauna bayan ta biyu. Manufarta a fili take: budurwa mai ƙarfi wadda ba ta da goyo za ta iya yin asubanci ta share gona kafin mai 'ya'ya biyar ta gama ba su abin karin kumallo, ko tsohuwa ta lallaɓo da sandarta. Matan da kansu suke tsare wannan ƙa'ida, wadda ta karya ta kuwa takan ga an watsar mata da abin da ta tara. Ba su tambayi kowa nawa mijinta ke samu ba. Lokacin farawa suka daidaita, suka kuma hana kowa amfani da abin da ya wuce hannunta.

Sai shekarar 1788, wadda duk mai nazarin wannan al'ada ba ya tsallake ta. A wani ɗan ƙauye mai suna Timworth, kusa da garin Bury St Edmunds a lardin Suffolk, wani manomi, James Steel, ya yi ƙarar wani mai ɗinkin takalma, John Houghton, da matarsa Mary, bisa cewa ta shiga gonarsa ba da izini ba ta tsinci hatsi. Ba ta musa ba. Hujjarta ita ce ita matalauciya ce, mabukaciya, 'yar wannan ƙauye, kuma abin da ta yi al'ada ce ta ƙasa tun kaka da kakanni. Tana da madogara kuwa, domin babban malamin shari'ar Ingila, William Blackstone, ya riga ya ambata a sharhinsa cewa an ce al'ada da dokar ƙasa sun yarje wa matalauta su yi kala ba tare da an kama su da laifin shiga gona ba. Shari'ar ta kai ɗaya daga cikin manyan kotunan Landan, a gaban babban alƙali Lord Loughborough da abokan zamansa, suka yanke cewa babu wani mahaluki da yake da haƙƙin kala a shari'ance. Dalilan Loughborough sun haɗa da cewa irin wannan haƙƙi ya saɓa wa ma'anar mallaka, wadda ke nufin mai abu shi kaɗai ke cin moriyarsa. Cewa zai ɓata zaman lafiya ya haifar da yawon banza. Cewa abin da yake ƙarewa ba zai yiwu ya zama na kowa da kowa ba. Kuma cewa dokar Annabi Musa umurni ne na addini da kyautatawa wanda kotun Ingila ba ta tilasta shi. Alƙali ɗaya ne, Gould, ya saɓa musu, ya tsaya a kan cewa al'adar tsohuwa ce kuma tabbatacciya.

Ina ganin a wannan rana ce aka yi asarar da har yau ba a mayar ba. Kafin hukuncin, mace na shiga gona da ƙafar mai haƙƙi, ba ta gode wa kowa sai Allah. Bayansa, a idon shari'a, ta zama mai cin alfarma, wadda in an ga dama a bar ta, in an ga dama a kore ta. Kuma an yi haka ne a zamanin da ake ta killace filayen kiwo da dazuzzukan da talakawa ke samun itace da ciyawa a cikinsu, ana mai da su mallakar mutum ɗaya. Sai dai fa, kamar yadda Peter King ya nuna, hukuncin bai kashe al'adar ba. Matan suka ci gaba da shiga gonaki garke-garke, manoma kuma suka ga kai ƙarar matalauciya Landan a kan ƙunshin alkama asara ce, ga baƙin jini a cikin ƙauye, ga alƙalan karkara ba su cika son hukunta su ba. Abin da kotu ta kasa, inji ne ya yi shi: manjagarar da doki ke ja ta share abin da ya zube, injin girbi mai ɗaure dami ya rage zuba, alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwa daga shekarun 1870 ta karya farashin burodi, har wahalar kala ta daina biyan kanta. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, da injin da ke girbi da sussuka a tafi ɗaya ya game ƙasa, wanda ya rage yana kala sai mai neman tsabar kaji. Wannan ma da sauƙi in aka duba Tarayyar Sobiyet, inda dokar 7 ga Agusta 1932 ta sa aka ɗaure mutane shekara goma, wasu aka harbe su, a tsakiyar yunwa, saboda 'yan zangarnun da suka tsinta a gonakin gwamnati.

Rarar abinci ba ta ƙare ba don kala ya mutu. Wuri ta sauya. An buɗe kantin farko na ɗebi-da-kanka a birnin Memphis na Amurka a 1916, kamfanin Sainsbury's ya buɗe irinsa a Croydon a 1950, rabon abinci da kati na zamanin yaƙi ya ƙare a Birtaniya a 1954, daga farkon shekarun 1970 kuma, bisa jagorancin kantunan Marks & Spencer, aka fara buga wa kayan abinci ranar da wa'adinsu ke cika. Daga nan lissafin ya zama na agogo. Nama ko kifin da ranar amfaninsa ta wuce, doka ta hana a sayar da shi, don haka abin da ya kai dare bai shiga ba ya zama kwantai, kuma zubar da shi ma sai an biya. Wannan ne asalin takardar nan ruwan ɗorawa. Mai kanti ya ga gara ya karɓi kwata da ya tashi a tutar babu.

To, a nan ne ƙiyasin da ake yi tsakanin kala da rangwame yake gurguncewa, kuma wajibi ne a faɗi haka ko da zuciya ta fi karkata ga ɗaya ɓangaren. Kala haƙƙi ne da aka cire daga dukiyar mai gona, ba ya karɓar ko anini a kansa. Rangwame kuwa ciniki ne, da mai sayarwa da mai saye da farashi da yardar juna, kuma an yi shi ne don amfanin mai kaya. Shi ya sa ma magabata suka ɗauki karya farashi a matsayin al'amarin kasuwa da hisba ke sa wa ido, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Sayyidina Umar ya tarar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi ƙasa da farashin mutane, ya ba shi zaɓi tsakanin ya ƙara ko ya tashi daga kasuwar. Hukuncin abu yana bin hanyar da ya shigo hannu. An ba wata mata mai suna Barira nama sadaka, ta kai gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba ya cin sadaka, ya bayyana cewa a wurinta sadaka ce, a wurinsu kuwa kyauta. Burodi guda ne, amma in yana rumbun agaji, mawadacin da ya karɓe shi ya ci abin da ba nasa ba. In yana kan kanta da farashi a jikinsa, wanda ya biya bai zalunci kowa ba a hukunce.

Sa'an nan wa zai tsaya a bakin firji ya rarrabe mabukaci da mawadaci? Alƙur'ani, a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, ya ba da labarin matalautan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Mutumin da ke sanye da kwat mai tsabta yana iya kasancewa an sallame shi daga aiki wata uku da suka wuce, matar da ta zo a mota tana iya kasancewa kuɗin haya ya cinye albashinta tun goma ga wata. An ruwaito cewa a Hajjin Bankwana mutum biyu sun zo neman rabo daga sadaka, Manzon Allah ya dube su ya ga ƙarfafa ne, ya gaya musu cewa mawadaci da mai ƙarfin nema ba su da rabo a ciki, amma ya bar zaɓi a hannunsu bai bincike su ba. In a sadaka ta farilla an bar mutum da zuciyarsa, ina ga ciniki? Ranar da aka ce abincin rangwame na matalauta ne kaɗai, ranar ce takardar nan za ta zama tambari a goshin duk wanda ya ɗauka, kuma mutanen da aka ce ana kare su, su ne za su fara gudunta, don talaka ya fi kowa tsaron mutuncinsa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa tun da halal ne to magana ta ƙare ba, domin bayan halal da haram akwai muru'a, kuma ita ce ta hana magidanci mai rumbu shiga kala ba tare da an hana shi ba. Mai wadata da ya zo da keken zuba kaya ya kwashe nama goma sha biyu don ya cika firjinsa na gida, yana ganin tsohuwa a bayansa tana jiran guda ɗaya, ya yi abin da matan Essex za su watsar masa da kaya a kansa. Ya ɗauki abin da zai ci a daren, ya ja baya in ya ga wanda alamar bukata ta bayyana gare shi, in kuma an kusa rufewa abu na nan ba mai so, ya saya da zuciya ɗaya, don barinsa ya tafi juji israfi ne da ba ya amfanar kowa. Wannan shi ne tsarin Mishna, shi ne na ƙararrawa, shi ne kuma na gonakinmu: raunana su fara, kowa ya ɗiba da hannu, saura ya zama na jama'a.

Amma kada wannan ladabi na tsakanin masu saye ya rufe mana ido daga inda tsofaffin shari'u suka ajiye nauyi. Ƙididdigar ƙungiyar WRAP ta shekarar 2018 ta nuna cewa daga cikin tan miliyan 9.5 na abincin da aka zubar a Birtaniya a waccan shekara, wajen kashi 70 cikin 100 daga gidaje yake fitowa, na kantuna kuwa bai wuce kashi 3 ba; ko da kowane mawadaci ya ɗauke hannunsa daga kayan rangwame, abin da zai saura ba zai ciyar da mutanen da ke layi a rumbunan agaji ba, balle ya maye gurbin albashin da zai ishi iyali. Waɗanda suka nemi mayar da wani abu mai kama da haƙƙin kala sun bi ta kan mai kaya ne. Ƙungiyar FareShare, wadda aka kafa a 1994, tana karɓar rarar abinci daga kamfanoni ta rarraba wa ƙungiyoyin taimako. A watan Disamba 2013 aka buɗe wani kanti a Goldthorpe, tsohon garin masu haƙar kwal a Yorkshire, wanda ba ya sayar wa kowa sai 'yan unguwa masu karɓar tallafin gwamnati da aka yi wa rajista, a kan rangwamen da ke kai wa kashi 70 cikin 100. A can tantancewa ta yi ma'ana, domin an yi ta sau ɗaya, a ofis, ba a gaban jama'a ba. Faransa kuwa, inda mai zane Millet ya nuna hoton mata uku masu kala a 1857, ta koma ga tilas: dokar 11 ga Fabrairu 2016, wadda ɗan majalisa Guillaume Garot ya gabatar, ta wajabta wa duk kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 400 ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar agaji don ba ta abincin da bai sayu ba, ta kuma haramta abin da wasu kantuna suke yi a da na zuba wa abinci mai kyau sinadarin wanki don kada mabukata su ɗauka daga juji. Ingila ba ta yi irin wannan doka ba. Abin da manyan kantunanta ke bayarwa, ko da yake ba kaɗan ba ne, yana tafiya ne bisa yarjejeniyar ganin dama, wato a kan matsayin da kotu ta ajiye Mary Houghton a 1788.